Murfin Man Tankar Ruwa

Tankar ruwan unguwa ta mutu a hawan gada da hantsi, bayanta cike da ruwa, injinta babu ko ɗigon mai. Masu shagunan wurin sun ce sai da ta yi wata ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ta yi tari, sannan ta yi tsit. Da aka leƙa ƙarƙashinta sai ga notin da ake kwancewa a juye baƙin mai yana reto, saura ƙiris ya faɗi ƙasa.

Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci. Jiya aka yi wa motar juyen mai a garejin bakin kasuwa, kuma Ɗan Takarda ne ya yi aikin, baƙon nan da ya zo bara da takardar makarantar koyon sana'a a aljihu aka ba shi ramin gyaran mota na ƙarshe, can kusa da bola. Bai ɗaure noti ba, mai ya tsiyaye, inji ya buga. Mata suka cika ƙofar gareji da bokitai suna tambayar wanda zai shayar da 'ya'yansu daga gobe, domin famfon unguwar ya daɗe ba ya kawo komai sai iska. Shugabannin makanikai suka kulle Ɗan Takarda a ɗakin ajiyar taya, wai don kada a taɓa lafiyarsa. Suka ce da faɗuwar rana za su miƙa shi ga hukuma, akwatin kayan aikinsa kuma ya zama na mai motar.

Matar Ɗan Takarda ce ta je gidan Mai Sawu, da goyo a bayanta. Ta same shi a ƙofar ɗaki ya tsoma ƙafafu a ɗan ruwan da ya rage a roba. Tsohon maharbi ne. Da gidaje suka cinye daji sai ya koma bin sawun akuyar da aka sace da babur ɗin da aka gungura, har gwiwoyi suka fara yi masa gardama ya ce ya daina.

"Baba, ba mu da kowa a garin nan," in ji ta.

"'Yata, ni sawun ƙafa na sani. Inji kuwa sai dai in ji ƙararsa."

"Ai mai ma yana barin sawu, Baba."

Ya fitar da ƙafafunsa daga robar. "Kin san direban motar ƙanena ne?"

"Na sani. Shi ya sa na zo. Kai za a bari ka leƙa."

Ya yi ajiyar zuciya, ya jawo takalmansa da ƙafa.

*

Auta, direban, na zaune a inuwar tankar cikin fararen kaya, ko tabon ƙura babu. Duk unguwa an san shi da haka. Shekara da shekaru yana tuƙi, amma idan taya ta yi faci sai ya harɗe hannu ya jira wani ya zo. Yakan ce shi direba ne, ba ɗan rami ba.

"Yaya, da wannan ranar? Wa ya taso ka?"

"Ƙishirwa," in ji Mai Sawu.

An ɗaga bonet an tokare shi. Ya leƙa, ƙaurin ƙonannen ƙarfe ya buge shi. Bai san sunan komai a ciki ba, amma idonsa ya saba da neman abin da ya fita dabam. Murfin da ake zuba mai ta sama ya tsage, kuma a tsakiyarsa akwai wani lotsi sabo fil, kamar cizon haƙori ɗaya.

"Wannan fa?"

"Tsohuwar mota ce, Yaya. Ina ne bai tsage ba?"

Mai Sawu ya murɗe murfin ya jefa a aljihu. Mataccen inji ba ya bukatarsa.

Sannan ya kama hanya da ƙafa, baya-baya yadda motar ta zo: daga gada zuwa rijiyar burtsatse inda ta yi lodi, daga can zuwa filin da take kwana. Rana na dukan ƙeyarsa, masu babur na yi masa hon, shi dai kansa a ƙasa. Da a ce mai ya tsiyaye a hanya, da ya ja layi a kwalta wanda ko makaho zai bi da sanda. Babu layin. Ɗigo ne ɗaya nan, ɗaya can da nisa, irin na abin da aka riga aka tatse.

Filin kwanan motar rairayi ne. Inda cikin motar yake tsayawa an share shi da tsintsiya, amma mai sharar yana sauri. Mai Sawu ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya hura rairayin a hankali. Sai ga zagayen gindin roba ya fito, ya nutse sosai, alamar ta cika ta yi nauyi. Kusa da shi shatin kwali, inda mutum ya kwanta rigingine. Ya tona da yatsa ya ɗago dunƙulen rairayi mai danshi, launinsa kamar zuma.

Ba tsiyayewa man ya yi ba. Kwanciya aka yi aka juye shi, da roba, da natsuwa.

Maigadin filin ya rantse bai ga kowa ba. Da Mai Sawu ya ci gaba da kallonsa, sai ya yarda cewa da asuba yakan leƙa gida ya sha maganinsa ya dawo.

"Amma ka tambayi na bayan katangar nan," ya ce yana nuni da baki. "Tun safe yake shafa wa katako mai. A ina ya samu?"

*

Kafinta na tsugune tsakanin katakan rufi, hannayensa baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

"A'a, tsoho mai ran ƙarfe. Sanda ka zo in feƙe maka?"

"In na tashi saya zan nemi kafinta. Wannan man fa?"

"Gara ce ta hana ni barci. In ban shafa ba, kafin a ɗora kwano ta cinye rabi." Sai ya ga irin kallon da ake yi masa, ya ajiye tsumman. "Haba, kada ka ce maigadin nan ya turo ka. Mutumin da aka sace masa tabarma yana kai?"

Mai Sawu ya tsoma yatsa a bokitin. Man baƙi ne kamar kwalta, ba irin na cikin rairayi ba. Ya murza shi tsakanin yatsu ya ji wani garas-garas. Da ya ɗaga a rana sai ya ga ƙananan abubuwa na ƙyalli a ciki.

"Tsohon man tankar ne," in ji Kafinta. "Wanda yaron nan ya juye jiya. Shi ya ba ni, kyauta ma. Sabon mai ai ba ya kashe gara, me zan yi da shi?"

Mai Sawu ya goge yatsansa a jikin katako. Wannan hanya ta toshe. Ya juya ya nufi gareji yana jan ƙafa.

*

Ɗakin taya zafi kamar tanda, ga warin roba. Ɗan Takarda na zaune a kan wata tsohuwar taya, leɓensa ya fashe inda wani ya kai masa hannu kafin a kulle shi. Bai yi rantsuwa ba, bai yi kuka ba. Da alama ya gaji da maimaita magana ɗaya.

"Gaya mini yadda ka yi jiya," in ji Mai Sawu, "kamar kana koya wa jaki."

"Na bar inji ya ɗumama, Baba, don mai ya saki jiki. Na juye. Na cire tsohuwar filta, na shafa wa robar sabuwar ɗan mai da yatsa, na ɗaure ta da hannu. Noti kuwa da sifana mai awo na ɗaure shi, wadda take yin ƙas idan ɗauri ya kai. Ita suke yi mini dariya a kanta. Na zuba sabo, na tayar, na koma rami na tsaya ina kallo. Ko gumi bai yi ba."

"Wannan ƙyallin da ke cikin tsohon man?"

Ya ɗago kai da sauri. "Ka gani? Ɓurɓushin ƙarfe ne. An koya mana kada ka zubar da mai sai ka kalle shi a haske, shi yake faɗa maka ciwon inji. Injin nan ya daɗe yana cin kansa. An taɓa barinsa ya yi mugun zafi, kuma ba a faɗa ba."

"Wa ka gaya wa?"

"Direba. Na ce ya sanar da Mai Tanka. In bai faɗa ba, ni zan faɗa mata yau."

Mai Sawu ya tambaya: "Shugabanni sun ji wannan?"

"Dariya suka yi. Suka ce mutumin da ko taya bai iya cirewa ba, ina zai san inda notin juye yake?"

Gaskiya ne, in ji Mai Sawu a ransa, kuma ya riƙe wannan gaskiyar da hannu biyu. Ya fito da murfin.

"Jiya lafiyarsa lau," in ji Ɗan Takarda. "Ni a faranti nake ajiye murfi, kan tsumma mai tsabta. Ban taɓa fasa ko ɗaya ba."

"Wa ke gaba da kai a garejin nan?"

Ya yi murmushin gajiya. "Ka tambaye ni wanda ba ya yi, Baba, ya fi sauƙi. Amma kafin in zo, Gwani ne yake yi wa tankar aiki."

*

Gwani ne babba a garejin, mai ramin farko, mai tumbi da babbar murya. Yana cikin rami ƙarƙashin wata ƙaramar mota, bai ko fito ba.

"In ka zo belin ɗan makaranta ne, ka makara. Juyen mai ba a allo ake koyonsa ba. Mu sai da muka yi shekaru muna wanke noti da kananzir kafin a bar mu mu taɓa sifana."

"An ce ya ƙwace maka tankar."

"Ya ƙwace. Ka ga inda ya kai ta."

Mai Sawu ya miƙa murfin cikin ramin. Can sai ga Gwani ya hauro yana nishi, yana juya murfin a tafin hannu. Ya nufi gaban motar, ya ɗora shi a kan ƙarfen nan da ke kama bonet idan an rufe, ya sauko da bonet a hankali. Haƙorin maƙallin ya zauna daidai cikin lotsin.

"An buga bonet a kansa," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Wannan ajiyar marigayi maigidanmu ce. Babu mai koyar da ita sai shi. Kafin ka shiga rami, ka buɗe murfin sama don mai ya sauka da sauri, ka ɗora shi a kan maƙalli. Bonet ba zai rufu ba sai ka ɗauke murfi, kai kuma ba za ka ɗauke murfi ba sai ka zuba mai. Haka ya hana mu sakin mota babu mai."

"Su wa suka rage cikin yaransa?"

Gumi ya tsattsafo wa Gwani a goshi. "Waɗanda suka riga ni duk sun watse. A nan ni kaɗai ne." Ya matso kusa. "Amma ka saurare ni, Mai Sawu. Ɗora murfin a makon farko ake koyonsa, da jan kunne. Tunawa da shi shi ne mai cin shekaru. Dukanmu mun fasa murfi muna sababbi. Wanda ya zauna ya gama koyo, hannunsa ba ya sakin bonet sai ya shafa maƙalli, ko da barci yake yi. Wannan aikin wanda ya fara ne bai gama ba."

Mai Sawu ya karɓi murfinsa.

Ya je bayan gareji ya zauna a bakin kwalbati. Shekarar da mahaifinsu ya rasu, shi da kansa ya kama hannun Auta ya kai shi wurin wannan maigidan, tun garejin yana tsohon wuri, tun Gwani bai zo ba. Damina ɗaya yaron ya yi ya gudo da kunne a kumbure, ya rantse shi da baƙin mai har abada. Waɗanda suka san wannan duk sun rasu ko sun watse, sai su biyu.

Ruwan kwata na tafiya a ƙarƙashin ƙafarsa. Murfin ɗan ƙarami ne, in ya sake shi ko ƙara ba zai yi ba. Ko kuma ya nuna shi a taro ya faɗi rabin maganar Gwani ya haɗiye rabi, unguwa za ta ƙarasa sauran da kanta, laifi ya koma kan Gwani. Ya tuna 'ya'yan Auta da ke kwana a ɗakin da ke jikin nasa, ƙaramar cikinsu ita ke murza masa gwiwa da yamma. Ya tuna goyon da ke bayan matar nan.

Ya mayar da murfin aljihu. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da aka taru a tsakiyar gareji. Mai Tanka na kan benci, idanunta sun yi ja, domin motar nan ita ce duk abin da mijinta ya bar mata. Ga maigadi, ga Kafinta, ga Gwani ya jingina da bango. An fito da Ɗan Takarda. Auta ya tsaya gefe yana kare fararen kayansa daga mai. Mata da bokitai sun toshe ƙofa.

"Man nan bai zube a hanya ba," in ji Mai Sawu. "Juye shi aka yi da asuba a filin kwana, aka bar noti a sake don a ce mantuwa ce. Zan nuna muku yadda aka yi."

Ya tsaya gaban ƙaramar motar da Gwani ke gyara, ya kama murfin man yana kokawa da shi.

"Yatsun nan sun ƙi. Auta, zo ka taimaki yayanka."

"Ni kuma, Yaya? Ga makanikai cike da wuri?"

"Murfi ne kawai. Ko shi ma sai an kira wani?"

Aka yi 'yar dariya. Auta ya naɗe hannun riga, ya murɗe murfin.

"Yawwa. Riƙe mini sandar nan. Ɗaya hannun kuma tallafe ni in durƙusa."

Auta ya karɓi sanda, ya kama shi ta hammata. Murfin da ke hannunsa kuwa, bai ko kalli inda ya ajiye shi ba. Yana nan zaune a kan maƙallin bonet, daram.

Gwani ya raba bayansa da bango. "Kai, wa ya koya maka wannan?"

Auta ya bi idonsa da kallo. Mai Sawu ya ji hannun da ke tallafe da shi ya yi sanyi. Bai durƙusa ba. Ya zaro tsagaggen murfin daga aljihu ya ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.

"Ni na kai shi," ya ce. "Damina ɗaya ya yi. Ya koyi ɗorawa, bai zauna ya koyi ɗaukewa ba. Yau da asuba yana sauri kada maigadi ya dawo, ya saki bonet a kan murfin."

Wani bokiti ya faɗi a ƙofa, aka bar shi yana gangarawa.

"Auta," in ji Mai Tanka a hankali, "kai da nake ba makulli ban taɓa tambayarka ina ka je ba?"

Auta ya zauna a bakin rami, fararen kayan suka sha mai, bai kula ba. Ya ce bayan ya gama zagayen unguwa yakan kai wa masu buga bulo ruwa a bayan gari, ba da saninta ba. Wata rana ruwan sanyaya inji ya ƙare a lagireto a hanya, ya ƙi tsayawa don kada a gan shi a can. Tun ranar injin ya canza murya. Ya san mutuwa zai yi, yau ko gobe.

"Da yaron nan ya ce zai faɗa, sai na ga ai gara ya mutu a hannunsa. Shi baƙo ne, na ce zai koma garinsu." Ya share fuska. "Ni ina zan koma?"

"Ina man?" in ji Gwani.

"Yana jarka, bayan kujerar mota."

"Me ya hana ka zubar da shi a kwata?"

"Sabon mai ne."

Gwani ya girgiza kai. "Wannan ma koyarwar marigayi ce, ba a zubar da sabon mai."

Babu wanda ya ba Ɗan Takarda haƙuri. Matan suka fara watsewa, suna tambayar juna inda za a sami ruwa gobe. Gwani ne kawai ya ɗauko akwatin kayan aikin ya dire a gabansa, yana kallon wani wuri.

"Gobe da sassafe za mu sauke injin. Ka zo da sifanar nan taka mai ƙas."

Matar Ɗan Takarda ta durƙusa za ta yi godiya, Mai Sawu ya ɗaga mata hannu ta bari. Shugabanni biyu suka sa Auta a tsakiya. Da suka zo wucewa ya tsaya.

"Yaya, da ka same ni mu biyu."

"Na same ka mu biyu a gada. Ka ce tsohuwar mota ce."

Auta ya miƙa masa sandarsa, wadda har lokacin take hannunsa. Aka wuce da shi.

*

Mai Sawu ya koma gida a hankali, yana hutawa a kowace kwana. A lungunsu, jikin katanga inda ƙafa ba ta cika bi ba, sawun Auta na asuba yana nan bai goge ba, dunduniyar hagu ta fi nutsewa, kamar yadda take tun yana yaro. Ya kewaye shi bai taka ba.

Matar Auta na ƙofar gida da bokiti babu komai a ciki, ƙaramar 'yar na riƙe da zanenta.

"Sannu da zuwa, Yaya. An gano wanda ya yi?"

"An gano."

"Allah ya saka wa unguwa. Shi Auta yana baya ne?"

Ya dubi yarinyar, ya dafa kanta.

"Je ki ciki wurin yayyenki," ya ce. Sannan ya juya ga uwar. "Ajiye bokitin nan. Ɗauko mana kujera biyu."